Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Amsa Tambayoyin Mai Bin Bashi Bayan Hukuncin Kotu

Kotu ba ta ƙirga wa kowa kuɗi a hannu. Idan alƙali ya yanke cewa wane ya biya wane, abin da mai bin bashin yake fita da shi takarda ce, kuma takardar ba ta zama kuɗi sai an san inda dukiyar wanda ake bi take. Wane banki yake ajiya, wa yake biyansa albashi, motar da yake hawa tasa ce ko ta aro, gidan da yake ciki haya ne ko mallaka. Shi ya sa tsarin shari'a a ƙasashe da dama ya tanadi mataki na gaba bayan hukunci, wato a tilasta wa wanda bashi ya tabbata a kansa ya bayyana abin da ya mallaka, da bakinsa ko a rubuce, kuma a kan rantsuwa. A wani wuri fom ake aiko masa ya cike. A wani wuri lauyan mai bin bashi ne zai turo jerin tambayoyi. A wani wuri kuma sammaci ne, ya zo kotu ya zauna a yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

A wannan matakin ne mutane da yawa suke jawo wa kansu abin da ya fi bashin nauyi. Takarda ta iso, kunya da fargaba su sa a jefa ta cikin durowa, ana cewa ai ba ni da ko sisi, me zan rubuta musu. Ni a ganina wannan shirun shi ne kuskure mafi tsada da wanda ake bi bashi zai iya yi. Ya amsa, ya amsa cikin wa'adi, ya faɗi gaskiya daidai gwargwadon abin da aka tambaye shi, sannan a cikin amsar nan ya nuna abin da doka ta hana a taɓa masa. Ina kuma ganin kotuna suna da nasu laifin a yadda wannan mataki yake zama tarko ga talaka, zan zo kan wannan a gaba.

Dalilin da ya sa shiru yake da haɗari yana cikin wani bambanci da ba kowa yake lura da shi ba. Rashin iya biyan bashi ba laifi ne na ɗauri ba a mafi yawan duniya. Ingila ta kawar da yawancin ɗaurin bashi da dokar 1869, kuma sashe na 11 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966 ya ce ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka a kwantiragi. Amma ƙin bin umarnin alƙali wani abu ne daban, sunansa raina kotu, kuma a kansa ana tara, ana kamu. Mutumin da ya zo ya rantse cewa ba shi da komai, kuma da gaske ba shi da shi, zai koma gida. Wanda ya ƙi zuwa ko ya ƙi cike fom, shi ne za a iya fitar wa da takardar kamu, ko da talaucinsa ya fi na wancan.

Wa'adin kuwa gajere ne, kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar New York ta Amurka, kwana 7 ake ba mutum daga ranar da takardar tambayoyi ta shiga hannunsa. A Minesota kwana 10 ne, a Wiskonsin kwana 15 daga ranar da aka shigar da hukuncin ƙananan ƙararraki, a Kalifoniya kwana 30 don cike fom mai lamba SC-133. A Ingila da Wales sai an miƙa wa mutum umarnin zuwa kotu aƙalla kwana 14 kafin ranar zama, kuma yana da kwana 7 da zai nemi mai bin bashin ya ba shi kuɗin motar zuwa da dawowa. A Jamus ma'aikacin da ke zartar da hukunci yana ba da mako biyu a biya, idan ba a biya ba sai a zauna bayyana dukiya. Saboda haka abin farko da za ka nema a jikin takardar shi ne kwanan wata, da kuma daga wace rana ake fara ƙirga: ranar hukunci, ranar da aka sa a gidan waya, ko ranar da ka karɓa. Ka ajiye ambulan ɗin, domin hatimin da ke jikinsa shaida ce idan aka yi gardama.

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ka tabbatar takardar ta kotu ce. Kamfanonin karɓar bashi sukan aiko da wasiƙa mai kama da ta hukuma, ko su kira a waya suna neman lambar asusu da sunan wurin aiki. Babu dokar da ta ɗora maka amsa wa mai kiran waya. Takarda ta gaskiya tana ɗauke da sunan kotu, lambar shari'a, sunayen masu shari'ar da adadin kuɗin da aka yanke. Ka nemi lambar ofishin magatakardan kotun da kanka, kada ka dogara da wadda aka buga a jikin wasiƙar, ka karanta musu lambar shari'ar su tabbatar maka. Wasu a nan ne ma suke fara jin cewa an taɓa kai ƙararsu. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2020 ya nuna cewa a kotunan Amurka da aka samu alƙalumansu, fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙararrakin bashi a bayan idon wanda ake ƙara ake yanke su. Idan sammacin farko bai taɓa zuwa hannunka ba, kana da damar roƙon kotu ta soke hukuncin, a Ingila da fom N244 ake yi. Sai dai ka sani, a wurare da yawa shigar da wannan roƙo ko ɗaukaka ƙara ba ya dakatar da wa'adin amsa tambayoyi da kansa. Sai ka nemi umarnin dakatarwa daban, idan ba a ba ka ba, ka amsa.

Ba a cike irin wannan fom da ka. Ka tara takardu tukuna: bayanin kowane asusu na watannin baya, takardun albashi, takardar haraji, yarjejeniyar haya ko ta jinginar gida, takardun mota da na bashin da ke kanta, da jerin sauran mutanen da suke binka. Wanda ya rubuta adadi daga ƙwaƙwalwarsa, ranar da aka ɗora bayanin banki kusa da amsarsa aka ga sun saɓa, ba wanda zai ce mantuwa ce. Inda ba ka da tabbacin adadi, ka rubuta cewa kiyasi ne, ka faɗi a kan me ka gina shi. Inda tambaya ba ta shafe ka ba, ka rubuta "babu". Gurbin da aka bari fili ana ɗaukarsa ko dai ƙin amsawa ko ɓoyewa, kuma ya isa a mayar maka da fom ɗin a ce ba ka cike ba.

Mu ɗauki layi guda mu duba shi da kyau, layin da ke cewa ka faɗi motar da ka mallaka da darajarta. Mutum ya sayi mota dala 15,000 shekara huɗu da suka wuce, sai ya rubuta 15,000 domin shi ne adadin da ya sani. Lauyan mai bin bashi ya gani, ya ce ga kadara. Alhali in an kai motar kasuwa yau 8,000 za ta yi, kuma kamfanin da ya ba da ita bashi yana bin saura 6,500. Abin da yake na mai motar a cikinta 1,500 ne kacal, kuma a wurare da dama doka ta kare wani adadi na darajar motar da mutum yake zuwa aiki da ita. Da ya rubuta lambobin nan uku, kuɗin kasuwa na yau, sauran bashi, da abin da ya rage, da babu mai hankalin da zai biya kuɗin jan mota da na gwanjo don abin da ba zai fitar da komai ba. Haka ake yi wa gida, haka ake yi wa injin sana'a. Darajar da ake nema ita ce abin da za a samu idan an sayar yau, bayan an cire haƙƙin wanda kayan ke jingine a wurinsa.

Layin asusun banki ya fi kowanne kama mutane. Ka lissafa duk asusun da sunanka yake kai, har wanda ba komai a ciki, har na manhajar waya, har wanda ka buɗe tare da wani. Asusun haɗin gwiwa yana buƙatar bayani a gefensa. Idan an sa sunanka a asusun mahaifiyarka ne don ka riƙa cirar mata kuɗin magani, kuma fanshonta ne kaɗai yake shiga ciki, ka rubuta haka ƙarara, ka haɗa da bayanin asusun da ke nuna daga ina kuɗin yake fitowa. In ka ɓoye shi aka gano, ka yi rantsuwar ƙarya. In ka ambace shi ba bayani, ana iya rufe shi, tsohuwa ta je cirar kuɗi a ce mata babu hali, sannan a fara wahalar tabbatar da cewa nata ne.

Nan ne amfanin amsawa yake ga wanda ake bi, domin ba duk abin da mutum ya mallaka ake iya ƙwacewa ba. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ƙayyade abin da za a yanka daga albashi don bashi na yau da kullum: ko kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji da sauran cire-ciren dole, ko abin da ya haura ninki 30 na mafi ƙarancin albashin awa ɗaya, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Da yake mafi ƙarancin albashin tarayya dala 7.25 ne, dala 217.50 na farko a kowane mako ba a taɓa su. Mai ɗaukar dala 250 a mako, 32.50 kaɗai za a iya cire masa, ba 62.50 ba. Mai ɗaukar 300, za a cire 75. Wannan iyaka ba ta shafi kuɗin ciyar da yara da bashin haraji ba, nasu ƙa'idar daban take. Jihohi kamar Texas da Pennsylvania ma sun hana yankan albashi don yawancin basukan masarufi. Kuɗin tallafin tsufa da na nakasa na gwamnatin tarayya su ma a kare suke, kuma tun 2011 dole ne banki ya bar wa mai asusu daidai kuɗin wata biyu na irin wannan tallafi idan kai tsaye gwamnati take zuba shi a asusun. Amma ga inda ake faɗawa rami: idan ka kwashe kuɗin ka mayar wani asusu, ko ka cakuɗa shi da kuɗin ciniki, kariyar da take aiki da kanta ba ta bin sa can, sai ka je ka tabbatar wa kotu asalinsa da takardu. Jamus tana da nata tsarin, inda mutum yake mayar da asusunsa na yau da kullum ya zama asusu mai kariya, a bar masa wani adadi kowane wata. Abin da ya haɗa su duka shi ne yawancin kariyar nan sai an nema ake samu, kuma wa'adin neman kwanaki ne ƙalilan bayan an rufe asusu. Wanda ya rubuta tun a fom ɗin farko cewa wannan kuɗin fansho ne, wannan kayan sana'a ne, ya riga ya kafa hujjarsa kafin rigima ta taso.

Akwai dabarar da take zuwa wa kusan kowa a rai, wato a mayar da mota sunan ƙane, a sayar wa aboki fili a kuɗin banza, a kwashe asusu a damƙa wa mata. Dabarar ta tsufa, maganinta ma ya tsufa. Tun 1571 Ingila ta yi dokar da ke rushe kyauta ko cinikin da aka yi don a kauce wa masu bin bashi, kuma alamomin da alƙalai suke dubawa har yau kusan su ne na wancan zamani: an ba ɗan uwa ne, an yi a ɓoye, an yi bayan an shigar da ƙara, kuɗin bai kai darajar kaya ba, kuma wanda ya ce ya sayar shi ne dai yake amfani da kayan. A yawancin jihohin Amurka ana iya komawa baya shekara 4 a warware irin wannan ciniki. Fom ɗin Jamus yana tambaya kai tsaye: me ka sayar wa makusantanka cikin shekara 2, me ka bayar kyauta cikin shekara 4. Ƙarya a kan wannan rantsuwa a can tana kai mutum ɗaurin da zai iya kai shekara 3, kuma idan mutum ya ƙi bayani, ma'aikacin kotu yana da ikon tambayar hukumar fansho wurin aikinsa, hukumar haraji asusunsa, hukumar rajistar motoci abin hawansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan zamani na kwamfuta kuwa ya ƙara ƙurewa. Abin takaicin shi ne ƙanen da aka sa sunansa shi ma an jawo shi cikin shari'ar da ba ruwansa.

Faɗin gaskiya kuma ba ya nufin sakin baki. Idan zaman tambayoyi ne, ka saurari tambaya har ƙarshe, ka amsa ita kaɗai, ka yi shiru. In ba ka gane ba ka ce a maimaita. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, za ka duba takarda. A Ingila jami'in kotu ne yake bin jerin tambayoyin fom EX140, yana rubuta amsa, a ƙarshe a ba ka ka sa hannu. Karanta kowane shafi kafin ka sa, domin abin da ke rubuce shi ne maganarka daga ranar. A kotunan Amurka da yawa kuwa, bayan an rantsar da mutum sai a ce ya bi lauyan mai bin bashi waje, su zauna a benci a baranda ko wani ƙaramin ɗaki, alƙali ba ya wurin. Lauyan yana da fara'a, yana riƙe da fayil a cinya, ya gama tambayoyi sai ya zaro wata takarda ya ce, to nawa za ka iya bayarwa duk wata, mu rufe maganar nan yau. Mutumin da ya kwana bai yi barci ba, yana son ya tsira da mutuncinsa, sai ya ambaci adadin da ya fi ƙarfinsa, wani lokaci ma daga kuɗin da doka ta riga ta kare masa. Lauyan nan ba naka ba ne, aikinsa ya karɓo wa wanda ya ɗauke shi kuɗi. An kira ka ne ka ba da bayani, ba a wajabta maka sa hannu a yarjejeniyar biya a wurin ba. Kana da ikon cewa za ka tafi da takardar ka duba, kana kuma da ikon cewa a koma gaban alƙali idan aka tambaye ka abin da bai shafi dukiyarka ba, ko aka matsa sai ka tona dukiyar wani da ba ya cikin shari'ar.

Tayin biya kaɗan-kaɗan abu ne mai kyau idan an gina shi a kan lissafi. Ka cire haya, abinci, magani, kuɗin zuwa aiki da na yara daga abin da ke shigowa, abin da ya saura shi ne iyakar tayinka. Ka tambayi kuɗin ruwan da ke hawa kan hukuncin, domin idan abin da kake biya bai kai ruwan wata ba, bashin ƙaruwa yake kana biya. A New York ruwan hukunci kashi 9 cikin 100 ne a shekara, sai a 2022 aka sauke na basukan masarufi zuwa kashi 2. A Ingila fom N245 ne ake neman kotu da shi ta sassauta biyan zuwa abin da mutum zai iya. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi, kowane biya a karɓi rasit, ranar da aka gama a nemi takardar shaidar cewa an biya duka, a tabbatar an shigar da ita kotu. Shi kansa fom ɗin, ka yi kwafinsa kafin ka aika, ka aika ta hanyar da za ta ba ka shaidar isarwa, ka kuma duba wa aka ce a aika wa, domin a wasu wuraren mai bin bashi ake kai wa kai tsaye, ba kotu ba.

Duk wannan nauyi ne a kan wanda ake bi. Amma adalci ya sa a faɗi na ɗaya ɓangaren. Mai bin bashi yana da haƙƙi, kuma ba kullum babban kamfani ba ne. Sau da yawa magini ne da aka hana kuɗin aikinsa, ko ma'aikaciyar da aka riƙe wa albashi, waɗanda suka sha wahalar shari'a suka yi nasara, kuma in ba a tilasta bayyana dukiya ba, nasararsu ta tashi a banza. Don haka ban yarda da masu cewa a soke wannan mataki ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi ƙofar baya ta ɗaurin bashi. Idan aka aika takarda tsohon adireshi, mutum bai gani ba, aka fitar da takardar kamu, ɗan sanda ya tsayar da shi a hanya ya kwana a tsare, sannan aka sa kuɗin belinsa daidai da bashin aka miƙa wa mai bin sa, to an ɗaure shi don bashi ne, ko da wane suna aka kira abin.

Gyaran ba mai wuya ba ne, kuma akwai inda aka fara. A Ingila, ko alƙali ya yanke hukuncin ladabtarwa a kan wanda bai zo ba, ana dakatar da shi a ba mutum wata rana, in ya zo ya amsa magana ta wuce. A Jamus tsarewar da ake yi wa wanda ya ƙi bayyana dukiyarsa ba ta wuce wata 6, tana ƙarewa da zarar mutum ya ba da bayanin, kuma ba a sake sa shi wata rantsuwar cikin shekara 2 sai an nuna dukiyarsa ta canja sosai. Kalifoniya ta hana a sake kiran mutum zaman tambayoyi kafin kwana 120 sai da dalili. Jihar Illinois ta yi doka a 2012 da ta sa sai an kai wa mutum sammaci hannu da hannu ko a gidansa kafin a ba da umarnin kama shi. Ya kamata waɗannan su zama mafi ƙarancin abin da kowace kotu za ta yi. Ina ƙara da cewa jerin abin da doka ta hana a taɓa ya kamata ya zo a shafin farko na fom ɗin, da manyan haruffa da harshen da mai karatun firamare zai gane, tare da gurbin da mutum zai yi alama ya ce wannan kuɗin na fansho ne. A bar mutum ya amsa a rubuce ko ta waya idan zuwa kotu zai sa ya rasa aikin yini, tunda daga wannan aikin ne ake sa ran ya biya. Kuma duk yarjejeniyar biya da aka ƙulla a baranda, kada ta zama umarnin kotu sai alƙali ya kira mutumin ya tambaye shi da bakinsa daga ina kuɗin da zai riƙa biya zai fito, ya kuma gaya masa ko doka ta kare wannan kuɗin.